Na Kai Baba Tomas Gida

A shekarata ta biyar a Alƙahira karatu ya ƙi. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Daga Azare na zo da tallafin karatu don in karanci Shari'a, na faɗi jarrabawa sau biyu a jere, aka janye tallafin. Na kwashe kayana daga masaukin ɗalibai na koma Ard al-Liwa, mu huɗu a ɗaki ɗaya, hawa na shida, babu lifta. Na yi dako a kasuwar kayan miya, na yi wanke-wanke a wani gidan abinci a Dokki har tafin hannuna ya tsattsage. Ana nan sai abokin ɗakina Sunusi, mutumin Maraɗi, ya jiyo ana neman wanda zai kula da wani tsohon Bature a Ma'adi.

Sunansa Tomas, mutumin Ireland ne. Yana saurayi ya zo Masar aikin injiniyan ruwa, ya auri wata Bamasariya Kirista, suka haifi 'ya ɗaya, Helen. Matar ta rasu, 'yar ta koma Dublin da aiki, shi kuwa ya ƙi tashi. Lokacin da na same shi ciwon karkarwa ya riga ya ci hannuwansa da ƙafafunsa, mantuwa ma ta fara taɓa shi. Ni nake yi masa wanka da aski, ni nake kai masa kofin shayi baki, ni nake tura kekensa na marasa lafiya. Larabcin Masar ya fi zama a bakinsa fiye da Turanci, da shi muke magana. Ranar farko na ce masa akwai abu ɗaya da ba na yi: ba na ɗaukar giya, ba na zuba ta. Ya yi dariya ya ce likita ya riga ni hana shi. Da farko Mista Tomas nake ce masa. Ban san ranar da na koma ce masa Baba ba. Shi kuwa Habib yake kirana, ya yanke wasalin ƙarshen sunana.

Shekara biyu da rabi muna haka. Rannan Helen ta zo ta ce tana son mahaifinta ya ga garinsu tun yana iya gane shi, kuma ba zai iya tafiya ba sai da ni. "Mako biyu ne kawai, Habibu," in ji ta. "Ku je tare, ku dawo tare."

Neman biza ya ci wata uku. Sai da na sabunta takardar zamana tukuna, sannan aka shiga kai takardu da dawo da su. A ce hoto bai yi ba, a ce fassarar ba hatimi. Ina fita daga Ard al-Liwa bayan asuba, in tsaya layi, in wuce Ma'adi in ba Baba magani, in koma. Ranar da bizar ta fito ko murna ban iya yi ba, barci kawai na yi a cikin jirgin ƙasa har na wuce tashata. Sunusi ya raka ni kasuwar gwanjo na sayi rigar sanyi. Mai shagon ya rantse cewa daga Turai ta zo, ruwa ba ya ratsa ta. Ranar farko da ruwan Dublin ya taɓa ta, ta sha shi kamar soso.

A filin jirgin Dublin aka ware ni gefe. Helen ta wuce ta layinsu, Baba yana kan keke a gabana, jami'in yana ta jujjuya fasfona yana tambaya: me na zo yi, wa na sani, yaushe zan koma, me zai sa in koma. Na amsa, ya sake tambaya ta wata fuskar. Ƙafafuna sun kumbura, cikina babu komai sai ruwan shayin jirgi. Can Baba ya gaji, ya ɗaga hannunsa mai rawa ya daka tsawa da Larabci: "Da ibni!" Jami'in ya ce me ya ce. Na ji nauyin fassarawa, amma na ce, "Cewa ya yi ni ɗansa ne." Mutumin ya dubi Baba, fari fat, ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya buga hatimi.

Kwana biyu muka yi a gidan Helen, sannan ta ɗauke mu a mota zuwa Kilkenny, garin da aka haifi Baba. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Ko'ina kore shar, shanu a tsaye cikin yayyafi kamar ba su san ana ruwa ba. Garin tsoho ne ƙwarai. Akwai wata ƙatuwar fada ta dutse a bakin kogi, da coci-coci masu dogayen hasumiyoyi, da lunguna matsattsu da suka tuna min da cikin birnin Kano, sai dai nan komai baƙin dutse ne, jiƙe. Masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto. Ni kuwa abin da na sani game da tsufan garin a kafaɗuna na san shi, don wasu hanyoyin da duwatsu aka shimfiɗe su, keken Baba yana tsalle a kai, ina dannawa ina ja, ruwa na bin wuyana yana gangarawa bayana.

Muka je gidan da ya tashi, muka tarar an mai da shi shagon gyaran waya. Muka je maƙabarta, da ƙyar Helen ta gano kabarin iyayensa. A titi yakan ɗaga wa duk wani tsoho hannu, su amsa da fara'a su wuce. Ba wanda ya san shi. Ni ma a kwanakin nan kewar gida ta taso min irin wadda na daɗe ban ji ba. Ina sallah a lungun ɗakin masauki, wayata ce ke nuna min alƙibla, ba kiran sallah, ba kowa. Abinci kuwa burodi da ƙwai da dankali, don ina tsoron tambaya a kan kowane nama.

Abu ɗaya Baba yake ta nanatawa tun a jirgi: gidan giyar. Mahaifinsa a nan ya yi aiki har ya tsufa, kafinta ne mai haɗa gangunan katako da ake zuba giya. Yana yaro shi ke kai masa abincin rana. Yanzu an daina dafa giya a wurin, an mai da shi gidan tarihi, ana shiga da tikiti. Helen ta ce ranar Alhamis za mu.

Da safiyar Alhamis ɗin, na gama shirya Baba na bar shi yana gyangyaɗi, na sauko karin kumallo. Helen ta zauna gabana ta turo min wata takarda. Tikitin komawa ne, ranar Lahadi, sunana kaɗai.

Na ce, "Ina na Baba?"

Ta daɗe tana juya cokali a kofi. Ta ce ta samar masa wuri a gidan kula da tsofaffi a gefen garin, gobe za a karɓe shi. Ta ce ba za ta iya ci gaba da zirga-zirga tsakanin ƙasa biyu ba, kuma likita ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba.

"Ya sani?"

"Da ya sani ba zai hau jirgi ba. Kai ma da ka sani da ka gaya masa." Idonta ya ciko. "Don Allah, Habibu, ka bar shi ya ji daɗin yau."

Ba zan ce muguwa ce ba, na ga yadda take tsayawa a ƙofar ɗakinsa tana kallonsa in yana barci. Amma ni aka sa na lallashe shi ya taho. Ni na ce masa, "Baba, mako biyu ne, kamar yau ne." Da bakina aka yaudare shi, da hannuna aka turo shi. Aikina ma ya ƙare ke nan, sai dai wannan bai dame ni ba sai daga baya.

Haka na tura shi zuwa gidan giyar. A bakin ƙofa na tsaya. Ɗan Malam Isa na Azare, wanda aka yi wa addu'a a masallacin unguwa zai tafi karatun Shari'a, ga shi zai shiga inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana dafa barasa. Na ce a raina ba sha na zo yi ba, mara lafiya na kawo. Na yi istigfari na danna keken.

Mai yi mana jagora wata budurwa ce mai fara'a. Mu kusan goma sha biyar ne a rukunin. Ta fara da labarin wasu masu zuhudu na Kirista da suka gina wurin ibadarsu a wannan fili tun zamanin da, su suka fara dafa giya a nan, kangon cocinsu ma yana nan a baya. Aka bi da mu ɗaki-ɗaki, fitilu na kunnuwa da kansu, hotuna a bango na motsi suna magana. A wani ɗaki aka ce kowa ya ɗebi tsiron sha'ir ya shinshina. Ban yi niyya ba, amma ƙamshin ya cika wurin, sai kawai na ji ni a tsakar gidanmu, Inna ta shanya tsiron dawa za ta yi kunun zaki. Ban taɓa zaton a irin wannan wuri zan tuna da ita ba. Na kawar da kai na goge ido.

Baba bai kula da fitilun ba. Tsofaffin hotunan ma'aikata yake nema. Ya sa na kai shi gaban kowanne, in ɗan ɗaga shi ta hammata don ya ga na sama. Maza ne jere da huluna, wasu riƙe da guduma. Muka bi su fuska-fuska, rukuninmu ya yi gaba ya bar mu. Babu mahaifinsa. Ya kira budurwar ya faɗa mata sunan, ya ce shekara arba'in mahaifin nasa ya yi a nan, kowa ya san shi. Ta durƙusa daidai kekensa ta ce ya yi haƙuri, ita 'yar Brazil ce, karatu ta zo, bara ta fara aiki a nan. Ta ce za ta tambayi manya. Baba ya ce, "Ma'alish," wato ba komai.

Ƙarshen zagayen wani ɗaki ne da ake ba kowa kofi ɗaya ya ɗanɗana. Wanda ba ya sha a ba shi lemo. Daidai lokacin wayar Helen ta yi ƙara, ta dube ni, na gane daga gidan tsofaffin ne, ta fita. Aka ajiye wa Baba kofi a gabansa, ja-ja, da kumfa a sama. Ya dube shi, ya dube ni.

"Habib."

Na san abin da yake nufi. Shekara biyu da rabi duk abin da ya shiga bakinsa ta hannuna ya bi.

Na ce, "Baba, likita ya hana ka."

"Kurɓa ɗaya. Na babana ne."

"Wannan kam ba zan iya ba, Baba. Ka yafe ni."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗan gyaɗa kai, ya sa hannu biyu ya rungumi kofin da kansa. Ya ɗaga shi kamar rabin hanya, sai karkarwar ta kama shi, kofin ya kife a cinyarsa, ya gangara ƙasa ya fashe. Mutane suka juyo, sannan suka yi sauri suka kawar da kai, wanda ya fi kallon ciwo. Baba yana zaune wandonsa sharkaf kamar wanda fitsari ya ƙwace wa, haɓarsa na rawa.

Na durƙusa na ciro tawul ina goge shi. Abin da na ƙi taɓawa ga shi ya jiƙa min hannu har gwiwar hannu, ya ɓata min riga. Har yau in na tuna ba na iya cewa ga abin da ya kamata in yi. Na san dai ba zan kai masa kofin baki ba ko yau aka sake. Na kuma san ban taɓa jin na ci amanar mutum kamar a wannan lokacin ba.

Budurwar nan ta zo da tsintsiya ta kwashe fasasshen kofin. Ta koma ta dawo da ɗan ƙaramin kofi da tsinken shan lemo a ciki. Ta dube ni ta ce, "Kai ka huta, ni zan riƙe." Ta riƙe masa, ya zuƙa kaɗan, ya juya shi a baki, ya haɗiye.

Ya ce, "Ba ita ba ce."

Ta ce yanzu a Dublin ake dafawa a kawo.

"Na ji a bakina," in ji shi. Ya ture kofin.

Na kai shi banɗakin masu keke don in sauya masa wando, kullum akwai na canji a jakata. Na ɗaga shi ya rataye hannuwansa a wuyana, kamar yadda muka saba. Muna a haka, bakinsa daidai kunnena, ya ce, "Habib, ba da ni za ka koma ba, ko?"

Na tsaya cak. Na tuna roƙon Helen. Amma na gaji. Na gaji da ruwa, na gaji da duwatsu, na gaji da riƙe magana.

Na ce, "E, Baba. Yau da safe na sani. Wallahi yau da safe."

"Na ga hoton matata a akwati," in ji shi. "Ba a ɗauko hoton bango don mako biyu."

Na zaunar da shi, na ɗaure masa takalmi. Ina sunkuye ya ɗora hannu a kaina, hannun na ta karkarwa. Ya ce kada in gaya wa Helen ya sani, in bar ta ta ga kamar dabararta ta yi aiki, ta sha wahala ita ma. Sai na zama ina riƙe da sirri biyu, nata da nasa, a kan abu guda. Muka fito muka same ta a tsakar gidan, ta ce yaya, ya ce mata ya ji daɗi ƙwarai.

Washegari muka kai shi. Gidan tsaf yake, da ɗumi, tagar ɗakinsa na kallon wani fili da tumaki. Helen ta yi ta kewaye-kewaye tana cewa hutawa zai yi na 'yan kwanaki, shi kuma yana cewa to, to. Ma'aikaciyar da za ta riƙa kula da shi, wata mata mai suna Meri, ta tambaye shi ko yana son wani abu. Ya ce, "Mayya." Ta dube ni. Na ce ruwa yake so. Nan na gane matsalar da ba wanda ya yi tunaninta: in ya gaji ko ya rikice, Turancin guduwa yake, Larabci ke zuwa.

Na roƙi takarda da biro. Na zauna a bakin gadonsa na rubuta mata duk kalmar da na san yana yawan faɗa, da ma'anarta da Turanci. Ruwa, sanyi, banɗaki, ciwo, ya isa, a hankali. Na rubuta cewa ba ya son a yi masa aski kafin ya sha shayi, kuma ta hagu ake ɗaga shi don kafaɗar dama na ciwo. Takarda ta cika gaba da baya. Meri ta manna ta a jikin kabad, ta karɓi lambar wayata.

Ranar Asabar na koma sallama. Na tarar yana barci a kujera, baki buɗe. Na zauna kusan awa guda bai farka ba, ni kuma na kasa tashinsa. Na gyara masa bargo na fita. Direban motar da ya mai da ni Dublin ya ga ina rawar sanyi cikin jiƙaƙƙiyar rigar nan, ya ƙara ɗumin motar, ya miƙo min rabin burodinsa da cuku, ya ce babu nama a ciki. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Na sauka Alƙahira da zazzaɓi. Kwana huɗu ina kwance, Sunusi na dafa min shayi da citta. 'Yan ɗakinmu suna ta tsiya wai na je Turai na dawo, wane irin mutum ne ni, wasu teku suke shiga don su kai inda na baro. Ban da ƙarfin yi musu bayani. Da na warke na je Ma'adi na taya kwashe kayan gidan, na miƙa wa maigadin benen makulli. Ya ce, "Hawaga fa?" wato Baturen. Na ce ya zauna can. Ya ce Allah Ya sauƙaƙa masa. Na koma wanke-wanke a Dokki, wurin da na bari da.

Bayan kamar mako uku, da la'asar, na taso daga aiki ina cikin ƙaramar bas, an matse ni a jikin taga, cunkoso ya tsai da mu. Wayata ta yi ƙara, lambar waje. Meri ce. Ta ce in yi haƙuri, akwai kalmar da ba ta cikin takardar, kwana biyu yana ta maimaita ta, ya ƙi cin abinci sosai.

Na ce wace kalma.

Ta ce, "Fen. Yana cewa Habib fen, Habib fen."

Na ce mata ma'anarta "ina". Tambaya yake ina nake.

Ta ce bari ta sa masa wayar a kunne. Na ji numfashinsa. Na ce, "Baba, ni ne. Ina Masar. Ina cikin mota, hanyar gida." Sai da na ɗaga murya, don direbanmu ya danne oda, na bayansa ma haka, kwandasta na ihun Ard al-Liwa, wani mai lemo na rigima da mai babur.

Bai tambaye ni lafiyata ba, bai ce yaushe zan zo ba. Ya ce, "Wace hanya ce wannan?"

Na ce Dokki, kusa da gada.

"Kada ka kashe," in ji shi. "Bar ni in ji."

Na zuge gilashin na miƙa hannu waje da wayar. Matar da ke kusa da ni ta dube ni kamar mahaukaci, ban kula ba. Haka na riƙe ta cikin hayaƙi da oda da ihu, hannuna ya yi tsami na sauya ɗayan, har muka tsallake layin dogo muka shiga unguwa. Da na mai da wayar kunne, muryar Meri na ji, ƙasa-ƙasa. Ta ce ya karɓi cokali uku, yanzu ya yi barci.